'Yar Tela da Igiyoyinta Uku

Tana 'yar shekara takwas mahaifinta ya ba ta aikinta na farko a duniya, wato tsayuwa a ƙofar shago tana yi wa mutane ƙarya. Tela ne, kuma in ana maganar hannu ba a samun kamarsa a layin, don rigar da ya ɗinka ba ta taɓa cizon mutum a hammata ba. Abin da Allah bai ba shi ba shi ne bakin cewa a'a. Duk wanda ya kawo yadi sai ya karɓa, ya zagaye shi da tef, ya ce ya dawo ranar Laraba. Ba wanda ya taɓa tambayar wace Larabar. In ya hango mai kaya tafe daga bakin titi, sai ya zaro yadinsa daga ƙasan tuli, ya zuba masa almakashi sau biyu, ya shimfiɗa a kan keke yadda za a gani, ya shige bayan labule ya bar ta a ƙofa.

"Baba ya fita sayen zare," za ta ce. "Amma saura kaɗan. Maɓalli ne kawai."

Da yake manyan idanu gare ta da siririyar murya, ba mai iya yi mata faɗa. Mutum zai zo yana huci, ya dube ta, ya leƙa ya ga an yanka yadinsa, ya sauke ajiyar zuciya, har ya ce ta gaishe da Baban. Sai Baba ya fito yana dariya ƙasa-ƙasa, ya shafa kanta ya ce, "Uwata, ba don ke ba da tuni an cinye ni ɗanye." Tana son mahaifinta sosai, amma wannan tsayuwa ba ta taɓa yi mata daɗi ba.

Ita kanta ba ta tsira ba. Shekarar da ta zo ta ɗaya a aji, aka sa ranar raba kyaututtuka, Baba ya sayo shuɗin yadi mai ƙananan furanni farare, ya auna ta, ya yanka a gabanta. Mako uku tana tambaya, mako uku yana ce mata, "Saura kaɗan, Uwata." Ita da ta san abin da kalmar take nufi fiye da kowa, sai ga shi ta yarda. Ranar taro da tsohuwar rigar makaranta ta hau dandamali, wadda gwiwar hannunta ta koɗe. Ta karɓi kyautarta ba ta yi kuka ba, amma a kan hanyar gida ta ci alwashin in ta girma bakinta ba zai sake furta waɗannan kalmomi biyu ba.

Ta girma, ta gama makaranta, ta auri direban babbar mota mai haƙuri da ƙarancin magana, ta haifi 'ya mace guda. Da yarinyar ta shiga makaranta sai zaman gida ya ishe ta. Yayan mijinta yana da shagon kafinta, doguwar rumfa mai rufin kwano, da ma'aikata shida da wayar da ba ta hutawa. Ya ce ta zo ta riƙa ɗaga masa wayar. Har yau Amarya yake ce mata, ko da yake auren ya haura shekara goma.

Ranar farko ta tsaya a tsakiyar rumfar ta waiga hagu ta waiga dama. Ga gado ba ƙafa, ga kabad ba ƙofa, ga kujeru shida da aka yi wa fenti gefe ɗaya, ga tebur yana kwance rigingine ƙura ta rufe shi. Ta ƙirga ayyuka ashirin da uku, duk an fara su, ba ɗaya da aka gama. Kafin ta gama mamaki wayar ta yi ƙara, Yaya ya leƙa ya ga lambar, ya miƙa mata yana raɗa, "Mai gadon nan ne. Ce masa saura kaɗan."

Ashe shagon Baba ta dawo, zarto kawai aka sa a madadin almakashi.

Ta ce wa mai gadon ya ba ta minti biyu, ta ajiye wayar, ta je wajen babban kafinta, wani dattijo da fensir ba ya barin bayan kunnensa. Ta tambaye shi ina aka kwana a maganar gadon.

"Ai an kusa, Anti."

"Nuna min."

Ya nuna mata katako huɗu a jingine da bango. Ta koma ta gaya wa mutumin cewa gadonsa katako huɗu ne a jingine da bango, kuma in ya ba su mako guda zai kwanta a kai. Yaya ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa. Daga ranar ma'aikata suka laƙaba mata Nuna-Min, suna faɗa a bayan idonta, daga baya kuma a gaban idonta, don ta nuna musu sunan ya yi mata daɗi.

Kada a ɗauka dabara ta zo mata rana ɗaya. Da farko littafi ta saya mai kauri, ta rubuta kowane aiki da ranar da aka yi alkawari. Ba wanda ya buɗe shi, sai mai fenti da ya gano cewa yana da daɗin ɗora gwangwani. Ta manna babbar takarda a bango, wani ya goge hannunsa da ita. Ta ƙirƙiro taron safe na minti goma, ya zama shan shayi da musun ƙwallo na awa guda, kuma duk wanda ta tambaya sai ya ce ana kai. Wata uku tana fama, har mijinta ya fara cewa ta haƙura, ai yayansa haka Allah ya yi shi.

Wata Asabar tana kwashe shanya a tsakar gida, tana tura busassun kaya gefe don ta samu wurin jiƙaƙƙu, sai ta tsaya cak da zane a hannu. Igiyar shanya ba ta karɓar abin da ya fi tsawonta, in ka matsa mata ta zubar maka da kaya a ƙasa. Ranar Litinin ta shigo shago da igiya a jaka. Ta sa aka buga ƙusoshi, ta ɗaure igiyoyi uku a bangon da ke kallon ƙofa. Ta tsinto guntayen katako daga shara, ta sa aka lanƙwasa wa kowanne ƙusa a ka, ta rubuta sunan aiki da alli a jikinsa.

Dokar ba ta da tsawo. Igiyar sama ta aikin da aka karɓa ne ba a taɓa ba. Ta tsakiya ta wanda ake kai ne, kuma gajera ta yi ta da gangan, guntu uku kawai take ɗauka. Ta ƙasa ta wanda ya fita ne, kuma aiki ba ya sauka can sai ta ja aljihun kabad ta mayar da hannunta, ko ta zauna a kan kujerar da dukan nauyinta, wanda ba laifi. Ba a yanka sabon katako sai wuri ya samu a tsakiya.

Yaya ya yi tsalle ya dire. "Amarya, ba ki san mutane ba. In mutum bai ga an yanka katakonsa ba, ba zai yi barci ba."

"In an yanka kuma mu ne ba ma yi, Yaya. Ka ba ni wata ɗaya."

Ya ba ta ne kawai don ya ga faɗuwarta. Amma cikin watan gado ya samu ƙafa, kabad ya samu ƙofa, teburin da ke rigingine ya tashi tsaye ya tafi gidan mai shi. Ma'aikata, waɗanda a da kowa ke yawo tsakanin ayyuka biyar yana neman inda ya bar guduma, suka ga ana tashi da wuri. Mai fenti ne ya fi kowa kamuwa. In ya gama aiki da kansa yake ciro guntun, ya saukar da shi igiyar ƙasa yana taku kamar mai karɓar lambar yabo. Masu kaya kuma suka koyi zuwa su tsaya gaban bango su nemi sunansu. Wanda ya ga nasa a sama ba ya jin daɗi, amma yana iya ƙirga mutum nawa ne a gabansa, ya tafi harkarsa.

A wannan lokacin ne Baba ya ajiye keke, ido ya fara gajiya, zare ba ya shiga allura sai da rigima. Zaman gida bai karɓe shi ba, sai ya mai da bencin ƙofar shagon kafintan wurin hirarsa. Kullum da hantsi zai zo da hularsa a karkace, a ba shi shayi, ya tare masu kaya da labari. Shi da Yaya kuwa bakinsu ya zo ɗaya tun ranar farko, don ɗan sana'a yana gane ɗan'uwansa. Igiyoyin 'yarsa dariya suke ba shi. "Uwata ta zo birnin maza tana shanyar katako," yake cewa, su kwashe da dariya, ita ma ta taya su.

Sai ga babban aiki ya shigo. Shugabar wata makaranta, doguwar mace mai tabarau da ba ta maimaita magana, ta ba da aikin tebur mai haɗe da benci guda ɗari da ashirin, ƙafafun ƙarfe, saman katako, a kai kafin ranar komawa hutu. Nuna-Min ta zauna da mai walda da babban kafinta da mai fenti, ta tambayi kowa nawa yake iya gamawa a rana, ba nawa yake fata ba. Aka tsaya a kan biyar. Ta lissafa kwanaki, ta ga za su isa har da rarar kwana ɗaya, in dai ba a taɓa wani aiki ba.

Yaya ya ce wannan zancen banza ne, shago ba ya tsayawa kan aiki ɗaya. Da ta ƙi sassautawa sai ya ɗaure fuska ya ce, "To ji nan, Amarya. In teburan nan ba su cika ranar buɗe makaranta ba, igiyoyinki za su sauka, ki koma kan waya, kuma abin da na ce ki faɗa shi za ki faɗa." Ta ce ta yarda, ko da yake ta san wace magana ce ke jiran ta a kan wayar.

Mako biyu komai yana tafiya daidai. A na uku sai ta lura mai fenti yana zaune yana wasa da burushi, babban kafinta yana fiƙe fensir ɗin da ba ya bukatar fiƙewa. Ƙafafun ƙarfe sun daina fitowa. Ta tambayi mai walda, ya ce ana kai, idonsa a ƙasa. Ta ce ya nuna mata. Ya ja ƙafa ya kai ta bayan rumfa, inda ta tarar da ƙofofin ƙarfe shida na gidan wani abokin Yaya, an lulluɓe su da tsohon buhu. Kwana huɗu ke nan ana yin su a ɓoye. Abin da ya fi ba ta haushi da dariya a lokaci guda shi ne, Yaya ya rubuta wa aikin guntunsa da alli yadda doka ta ce, sai dai a aljihunsa yake yawo da shi.

Ta ƙirga. Tamanin sun fita, saura arba'in, kwana biyar ya rage. Ba ta gama ƙirgar ba mota ta tsaya a ƙofa, shugabar makaranta ta fito tana gyara tabarau. Yaya ya yi wuf ya shige bayan tulin katako, da saurin da ba a san yana da shi ba. Ya rage Baba a kan benci.

Tsohon tela ya ajiye kofin shayi ya miƙe, fuskarsa ta washe. Shekara arba'in yana wannan fage, jikinsa ne kawai ya tuna. Ya yi mata sannu da zuwa, ya tambayi yara da malamai, ya nuna teburan da aka jera a gaba suna ƙyalli. "Ai Malama kin zo a daidai," ya ce. "Saura kaɗan. Ɗan shafe-shafen fenti ne kawai."

Shugabar ta saki fuska. "Madalla, Baba. To gobe sai in sa a kwashe tsofaffin bencinan a fasa, don a samu wurin jera sababbin."

Nuna-Min tana tsaye a ƙofa, daidai inda ake tsayar da ita tun tana yarinya. In ta yi shiru ba ita ta yi ƙaryar ba, kuma wa ya sani, ko a yi ta maza a cika. In ta yi magana ta ƙaryata mahaifinta a gaban baƙuwa da ma'aikata shida, ta kuma yanke igiyoyinta da bakinta. Baba ya waigo ya dube ta da murmushin nan nasa na bayan labule, yana jiran ta ɗora. Ta ji tausayinsa har cikin ƙashinta. Amma a ranta ta hango yara zaune a kan siminti da sababbin kayan makaranta.

Ta ɗan rusuna ta ce, "Baba, ka yafe min." Sannan ta juya. "Malama, kada ki fasa bencinan. Tamanin muka gama, saura arba'in. Biyar muke yi a rana, kwana takwas ke nan. Ranar buɗewa za ki samu ɗari da biyar, sha biyar sai bayan kwana uku. Laifin daga wajenmu ne."

Aka ji katako ya motsa inda Yaya yake ɓoye. Shugabar ta cire tabarau, ta wanke mutanen shagon tas da faɗa, ba ta ɗaga murya ba kuma ba ta bar kowa ba, har da wanda ke bayan tulin katako, don ta ce tana ganin takalminsa. Da ta gama sai ta ce za ta ajiye tsofaffin benci sha biyar, ta rubuta ranar da aka faɗa mata a tafin hannunta, ta shiga mota. Baba ya kau da kai. Ya gyara hularsa ta daidaita, ya bar shayinsa rabi, ya kama hanya.

Teburan ɗari da biyar suka tafi ranar buɗewa, sha biyar suka bi bayan kwana uku cif. Yaya, da yake mutum ne mai cika alkawari in alkawarin na ramuwa ne, ya kwance igiyoyin da hannunsa. Sai dai ya manta da ƙusoshin. Washegari ya tarar mai fenti ya rataye guntayen a kansu, sama da tsakiya da ƙasa, mai walda kuma ya ƙi kunna injinsa, wai tsakiya ta cika. Kwana biyu Yaya yana zagaye bangon yana tsaki. A na uku ya shigo da sabuwar igiya mai launi, ya ɗaure da kansa, kuma kafin azahar an ji shi yana yi wa wani mai kaya bayanin yadda tsarin ya zo masa a tunani. Nuna-Min ta bar masa, har ta gyara masa inda ya rikita ta sama da ta ƙasa.

Amma bencin ƙofa ya zauna ba kowa. Ta je gida gaishe da Baba, ya amsa a taƙaice, ya ce yana da aiki, ya ja ƙofar ɗakinsa. Kwana tara ke nan. Igiyoyi sun dawo, waya ba ta fi ƙarfinta ba, amma ko ɗaya bai yi mata daɗi ba. Kullum sai ta sa a dafa shayi kofi ɗaya fiye da masu sha.

Ranar ta goma da hantsi, tana duba wata kujera, sai ta ji ma'aikata suna gaisuwa. Baba ne, hula a karkace, da leda a hammata, yatsunsa biyu a naɗe da filasta. Bai zauna ba. Ya wuce kai tsaye gaban bango, ya tsaya yana kallon igiyoyin kamar bai taɓa ganin su ba.

"Uwata, wacce ce ta wanda aka gama?"

"Ta ƙasa, Baba."

Ya buɗe ledar ya zaro 'yar riga shuɗiya mai ƙananan furanni farare. Yadin ya ɗan koɗe a inda ya shekara ashirin da biyar a ninke, ɗinkin kuma ya ɗan karkace a kafaɗa, abin da hannunsa bai taɓa yi ba a zamaninsa. Ya ɗaga zai rataya, sai ya fasa, ya miƙa mata.

"An ce ba a saukarwa sai kin duba."

Ta karɓa. Ta juya ta ciki, ta ja hannun riga, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Guda shida ne, kuma duk suna nan.

"Ke dai ta yi miki kaɗan," in ji Baba. "Amma na auna jikata da ido, za ta shige ta. Ki gaya mata telan ya ɗan makara."

Ta rataye rigar da hannunta a igiyar ƙasa, tsakanin guntun wani kabad da na kujerun cin abinci, ta share ido da bakin mayafi. Baba ya koma bencinsa ya zauna, ya tambaya ko akwai sauran shayi.